Makirufon Boya BY-M1 a Hannun Mai Koyon Ba da Labari

Duk wanda ya shiga layin masu kayan waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, ko shagunan da ke bakin Titin Ahmadu Bello, ya ce yana neman ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, Boya BY-M1 na cikin waɗanda za a zaro masa. Masu wa'azi suna sayensa, masu tallan kaya a TikTok suna sayensa, haka ma masu karanta littattafan Hausa a YouTube. Yana cikin masu araha a irinsa, kuma ya daɗe a kasuwa har an san halinsa ciki da bai. Wannan sharhi ya dube shi ne ta fuskar mai son ya iya ba da labari, da baki ko a rubuce. A ganina ya ci kuɗinsa. Mai shago zai ce maka yana gyara murya, to kada ka saye shi don wannan. Aikinsa shi ne ya dawo maka da maganarka yadda ta fita daga bakinka, da inda-indarta da tsayawarta da wuraren da ta yi sanyi, kuma wanda bai taɓa jin kansa haka ba bai san inda labarinsa ke mutuwa ba.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai kan makirufon, wanda bai kai kan ɗan yatsa ba, da kebul mai tsawon mita 6. A jikin kebul ɗin akwai ɗan gidan batir mai makunni. Sai kilif na maƙalawa a riga, da soson rufe kai, da batir LR44 irin na kalkuleta, da babbar adafta ta haɗawa da na'urar lasifika ta taro. Bakin da ake cusawa a waya irin na iyafis ne, mai milimita 3.5, kuma idan ka duba za ka ga zobba uku a jikinsa. Zobe na ukun nan shi ke sa waya ta gane makirufo aka sa mata. Duk wani kebul na ƙarin tsawo da za ka haɗa, ko adafta, dole shi ma ya zama mai zobe uku. Mai zobe biyu na sauraro ne kawai, murya ba ta bi ta cikinsa zuwa waya.

Makunnin nan ne ya fi rikita masu saye. Gefe ɗaya an rubuta Cameras, ɗaya gefen an rubuta OFF/Smartphone. Idan da waya za ka yi aiki, ka bar shi a gefen OFF/Smartphone. A nan batir ba ya aiki sam, wayar ce ke ba makirufon ɗan wutar da yake buƙata, ko babu batir a ciki zai ɗauka. Gefen Cameras na kyamara ne da kwamfutar da ke da ramin makirufo daban da na iyafis, kuma a nan ne batir ke ci. Wanda ya manta shi a gefen Cameras ya jefa a jaka, zai zo ranar aiki ya tarar batir ya mutu.

Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da ramin iyafis, don haka kai tsaye ake cusawa. iPhone kuwa tun daga ta 7, wadda ta fito a 2016, ba ta da ramin, haka ma manyan wayoyin Samsung na baya-bayan nan. Waɗannan sai da adafta, kuma ba kowace adaftar kasuwa ke wuce da murya ba, wasu sauti kawai suke fitarwa. Babban haɗarin shi ne waya ba ta faɗa maka idan ba ta gane makirufon ba. Shiru za ta yi ta koma ɗauka da nata na ciki, kai kana can kana zuba labari, sai an gama ka ji murya daga nesa kamar daga cikin rijiya. Saboda haka kada ka bar shago ba ka gwada ba, musamman da yake akwai jabunsa a kasuwa. Cusa shi a wayarka, ba ta mai shago ba. Kunna naɗar murya, ka ajiye wayar a kan kanta, ka ja da baya iya tsawon kebul, ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce sau uku, sannan ka yi magana ƙasa-ƙasa. Zare shi ka saurara. Idan ƙwanƙwasar ta fito da ƙarfi kuma raɗar ta fito sarai, yana aiki. Ka kuma murza kebul ɗin kusa da baki da kusa da kai yayin da yake ɗauka. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, akwai wayar da ta kusa tsinkewa a ciki, a canja maka. Wannan ƙwanƙwasa uku ta zama al'adarka kafin kowane zama. A wasu wayoyin Android manhajar kyamara ta asali ba ta karɓar makirufon waje. Manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana da wurin zaɓar makirufon waje.

Na ce a zare kafin a saurara, domin muddin bakin na cikin ramin, waya na ɗauka iyafis ne, sai ta tura sauti can, kai kuma ka ji shiru ka zaci bai ɗauka ba. Wannan shi ne babban raunin BY-M1: ba ka da hanyar jin abin da ke shiga yayin da ake ɗauka. Maganinsa gwajin daƙiƙa 20 kafin a fara, da kuma tsayawa a duba bayan kowane labari idan zaman mai tsawo ne.

Makirufon yana ji ta kowane gefe, ba sai an saita shi da baki ba. Wurin maƙala shi tsakiyar ƙirji, kimanin santimita 15 zuwa 20 daga baki, wato wajen tsawon tafin hannu. Idan ya matsa can ƙarƙashin haɓa, murya tana dushewa. Idan ya yi ƙasa da yawa, ɗaki ya fi mutum fitowa. Tufafinmu suna da nasu sha'ani. Shadda mai sitati tana ƙara duk sanda mutum ya motsa, hijabi da mayafi suna goga a kan soson, sarƙa da carbi suna bugun kebul. A babbar riga a maƙala shi a bakin wuya inda aikin ya yi kauri, a hijabi kuma a tattaro ɗan ninki a waje a maƙala, kada a cusa shi ciki. Ka yi ɗan lanƙwasa da kebul ɗin ka haɗa a cikin kilif, don idan an ja igiya jan ya tsaya a nan.

Ɗaki ya fi makirufo tasiri a kan abin da za ka samu. Falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da murya, ɗakin kwana mai katifa da labule da kafet yana shanye ta, shi ya fi. Kashe fanka ko da ana zafi, domin iskarta na kaɗa kan makirufon. Janareta na maƙwabci ba ya gogewa da kowace manhaja ba tare da murya ta lalace ba, gara a jira. A Kaduna damina tana da ƙarfi, kuma ruwa a kan rufin kwano yana rufe magana gaba ɗaya. A lokacin hunturu kuma soson da ya zo da shi ba ya iya wa iskar waje. Sa waya a alamar jirgin sama, don kira yana yanke ɗauka kuma neman sabis yana sa wani ziri-ziri a sauti. Kada ka ɗauka waya na jikin caja, sau da yawa gurnanin wuta na shiga. Ka lissafa lokacin kiran salla tun kafin a zauna, don kada labari ya kai tsakiya a tashi.

Idan manhajarka ta ba ka zaɓin nau'in fayil, ɗauki WAV, wanda ba ya matse sauti. Minti ɗaya yana cin kimanin megabait 5 idan layi ɗaya ne (mono) a kan saitin 44.1 kHz, awa guda kuma ya ɗan haura megabait 300. MP3 a kan saitin 128 kbps yana cin kusan megabait ɗaya a minti, ya isa ga atisayen yau da kullum. Muryar tsoho kuwa da ba lallai a sake samunta ba, a ba ta WAV.

To, an saya, an gwada. Ga yadda zai koya maka labari.

Zaɓi abu ɗaya da ka sani da ka, wanda bai wuce minti 3 ba, ka faɗe shi ba tare da ka rubuta komai ba. A nan tsawon kebul ɗin yana da rana: ajiye waya a kan tebur, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka, domin mai ba da labari da hannu a ɗaure rabin bakinsa ne ke aiki. Kada ka saurara ranar. Washegari ka saurara da biro a hannu, idonka a kan agogon manhaja, ka rubuta daƙiƙar da abu na farko ya faru. Mafi yawan masu koyo za su tarar sun cinye minti guda suna share fage. A ce labarin tela ne da ya ƙona shaddar mutane. Ɗauka ta farko takan fara da, “Ka san dai yadda lokacin salla yake, aiki ya yi yawa, ga matsalar wuta, shi kuma dama mutum ne mai karɓar ɗinki fiye da ƙarfinsa.” Duk gaskiya ne, amma ba wanda ya matso. A ɗauka ta biyu fara daga inda ka rubuta: “Daren jajibiri, ƙarfe goma, dutsen guga ya cinye gaban shaddar Alhaji.” Yawan aikin da matsalar wutar za su shigo daga baya, lokacin da mai sauraro ya riga ya damu da telan. A ɗauka ta uku ka rage tsawon da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ka ji ba ka iya yarwa, shi ne labarin.

Abu na biyu da za ka nema a faifan shi ne lokacin da mai sauraro ya san abin da mutumin ke so. Tatsuniyoyin Gizo ba sa tsayawa domin tun daga buɗe baki an san Gizo yunwa yake ji kuma ba ya son wahala. Duk dabararsa daga nan take fitowa, kuma yaro ɗan shekara biyar ya san abin da zai zuba ido a kai. Telan nan me yake so? Ya tsira da mutuncinsa kafin asuba. Me ya tare shi? Kasuwa ta tashi, kuɗin sabuwar shadda babu, Alhajin kuma shi ya ba shi jarin keken. Idan minti ɗaya ya wuce a faifanka ba a ji waɗannan biyun ba, buƙata da abin da ya tare ta, mai sauraro ladabi kawai yake yi maka.

Sannan ka saurari “sai”. Labarin Hausa a kan “sai” yake tafiya, ba aibi ba ne, kuma wanda ya ce a cire ta bai san harshen ba. Amma “sai” iri biyu ce. Akwai wadda abu ya haifi abu: ya ga ƙunar, sai ya rufe shago ya nufi gidan abokinsa mai sayar da yadi. Akwai wadda abu ya bi bayan abu kawai: sai ya sha shayi, sai ya gaisa da wani, sai ya hau keke. Rubuta jerin abubuwan da suka faru a faifan, layi-layi. A tsakanin kowane biyu gwada sa “saboda haka” ko “amma”. Inda ɗaya daga cikinsu ya zauna, ƙashin labari ne. Inda duk suka ƙi zama, ko dai a cire wannan layin, ko a nemo masa dalili. Wannan gwaji yana da zafi a karon farko, domin yakan cinye wurin da mutum ya fi so. A wannan sauraron ne kuma za ka ƙirga “ka gane ko”, da “wato”, da “kamar dai”, da “to shi ke nan”. Ba sai an yi yaƙi da su ba. Ka lura da inda suka taru, domin a nan ne ba ka san abin da zai biyo baya ba, kuma wurin ne ke buƙatar tunani.

Inda wannan makirufo ya fi burge ni shi ne gaban tsofaffi. Jinsa ta kowane gefe, wanda yake matsala a ɗaki mai hayaniya, alheri ne a zaman tatsuniya. Maƙala wa kaka, jikoki su zauna kusa. Idan ta ce “Ga ta nan, ga ta nan ku”, amsar yara ta “Ta zo mu ji ta” za ta shiga, amshin waƙar tsakiyar tatsuniya zai shiga, dariya da tsoro za su shiga, kuma muryarta na sama da duka saboda ita ce kusa. Kada ka ɗauki tatsuniya babu yara. Tsohuwar da aka zaunar ita kaɗai gaban waya taƙaitawa take yi, ta ba ka ƙashi ba nama.

Idan ka samu faifan, rubuta minti 5 daga ciki kalma da kalma, kada ka gyara mata komai. Ka ware lokaci, don rubuta magana yana cin ninki huɗu na tsawonta ko fiye. Sai ka ajiye shi gefen shafi ɗaya na rubutunka. Bambanci uku za su fito fili. Na farko, ita ba ta cewa “ya gaya mata cewa ba zai je ba”. Tana zama shi, ta ce, “Wallahi ƙafata ƙafarki, ba inda za ni.” Har tsamin bakin Gizo tana yi. Na biyu, kalmomin amo: ya faɗi tim, ta yi wuf ta fizge, ƙofa ta rufu garam, gari ya yi tsit, ya jiƙe sharkaf. Marubuta da yawa suna zubar da waɗannan suna ganin maganar baka ce, alhali kalma ɗaya irin wannan tana yin aikin da jimla biyu ta bayani ba za ta yi ba. Na uku shi ne shiru. Zuba faifan a Audacity, manhajar kwamfuta ce ta kyauta, za ka ga murya kamar tsaunuka, shiru kuma kamar fili. Duba inda filayenta suke. Kusan kullum gab da abin tsoro ne, ko gab da amsar da kowa ke jira. Duba naka faifan: mai koyo yakan yi shiru inda numfashi ya ƙare masa, ya kuma ruga a guje inda ya kamata ya tsaya. A rubuce, shirun nan shi ne gajeren sakin layi da yanke babi.

Ka kuma lura da maimaici. Abu yakan faru sau uku a tatsuniya, biyun farko su kafa tsammani, na uku ya karya shi, kuma mai bayarwa kan maimaita kalmomin kusan yadda suke, har yara su riga ta faɗa. Wannan shi ke sa mai sauraro ya ji da shi ake tafiya.

Kaduna cike take da mutanen da labarinsu bai shiga takarda ba. Akwai waɗanda suka yi aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da na kamfanin haɗa motocin Peugeot, da tsofaffin masu sauraron Rediyon Kaduna tun kafuwarsa a 1962, da matan da suka yi tuwon sayarwa a bakin ƙofar masana'antu. Zuwa wurinsu yana da ƙa'ida. A gaisa a natse, a faɗi abin da za a yi da muryar, a nemi izini, kuma a sake neman izinin bayan an kunna don ya shiga faifai: “Baba, kun yarda in naɗi wannan hira, in kuma yi amfani da ita a rubutu?” Idan namiji ne zai ɗauki dattijuwa, ya miƙa wa 'yarta ko jikarta ta maƙala mata. A nan ma mita 6 ɗin suna da amfani, don kana iya zama nesa inda ladabi ya ajiye ka, wayar na hannunka.

Tambaya ce ke buɗe labari ko ta rufe shi. “Baba, yaya rayuwa take a da?” ba ta haifar da komai sai “Ai da an ji daɗi, yanzu kuwa sai addu'a.” Tambayi rana ɗaya, abu ɗaya: “Baba, ranar da kuka karɓi albashin farko a masaƙa, me kuka fara saya?” “Hajiya, ƙarfe nawa kuke ɗora tukunya idan masu aikin dare za su tashi?” “Wa ya raka ku tasha ranar da kuka baro gida?” Idan ya amsa, kada ka yi tsalle zuwa tambaya ta gaba. Ƙirga biyar a zuci. Abin da ya fi daraja yakan zo ne bayan wannan ɗan shiru. Kuma ka tuna makirufon yana jin ka: “na'am” da “ikon Allah” a kan kowace jimla suna hawa kan maganarsa, ba sa ciruwa. Yin gum gaban babba rashin ladabi ne, don haka ka gaya masa tun farko cewa da gyaɗa kai za ka riƙa amsawa, ka ajiye “na'am” ɗinka sai ya kai aya.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, suna riƙe ta da abin da ya faru. Ka je da 'yan turaku a kanka. Rasuwar Sardauna a Janairun 1966. Canjin hannun tuƙi zuwa dama a 1972. Shigowar naira a madadin fam a farkon 1973. Babban hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. “Da fam aka biya ku ko da naira?” ta fi “a wace shekara?” sau goma. Idan labarin zai fita a matsayin tarihi, a tabbatar da shi a takarda. Gidan Arewa da ke Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana nan cikin gari, haka ma ofishin adana takardun tarihi na ƙasa. Idan kuwa ƙagaggen labari za ka gina, abin da kake nema a bakin tsoho shi ne ƙananan abubuwa: ƙarar jiniyar tashi daga aiki, auduga a gashin kai, sunan da suke kiran shugaban sashe a bayan idonsa.

Ga marubuta, musamman masu sakin littafi babi-babi a WhatsApp da Wattpad, amfani mafi sauri shi ne karanta babi da ƙarfi kafin a sake shi. Inda numfashi ya yanke kafin aya, jimlar ta yi tsawo. Inda harshe ya sarƙe, kalmomin ba su zauna ba, sau da yawa saboda an yi tunanin jimlar da wani harshe. Sannan ka saurari hirar mutanen littafin ido a rufe. Idan ba ka iya bambanta uwa da 'yarta, ko direba da malamin makaranta, sai an ce “in ji wane”, to duk da bakinka suke magana. Kaduna gari ne da kunne ke samun abinci: Hausar Bazazzage daban, ta Basakkwace mai shago daban, ta Bagwari ko Bayarabe da aka haifa a Tudun Wada daban, ta matasan Rigasa daban. Ba kwaikwayo don dariya ake nema ba. Kalma ɗaya ko biyu da mutum ya saba da su, da tsawon jimlarsa, da abin da yake rantsuwa da shi, sun isa su tsayar da shi da ƙafarsa.

Ƙirƙira ma ana yi mata atisaye, kuma baki ya fi biro saurin kamo ta, domin biro yana tsayawa gyara. Ɗauki labarin telan ka sake faɗarsa daga bakin yaron shagonsa, wanda shi ya bar dutsen guga a kan shaddar kuma bai faɗa ba. Sake faɗarsa daga bakin matar Alhaji. Ɗauki tatsuniyar da ka sani ka ba Ƙoƙi ta faɗe ta. Canja sharaɗi ɗaya tak ka bi abin da zai biyo baya da gaskiya: idan shaddar ta aro ce fa? Idan Alhajin ya riga ya gani ta taga fa? Kowanne ka ba shi minti 2, kada ka tsaya, kada ka goge. Daga biyar, huɗu za su zama shara, wannan daidai ne. Wanda yake jiran tunani mai kyau ya zo masa kafin ya buɗe baki yakan daɗe yana jira.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar sayensa ba. Mai ɗaukar bidiyo yana tafiya cikin kasuwa, kebul ɗin zai harɗe shi da mutane. Mai hirar mutum biyu da ke son muryoyin su zo daidai ya nemi BY-M1DM mai kai biyu. Mawaƙi da mai son ɗaukar amon wuri, kamar tashar mota ko bakin kogi, su nemi wani abu daban, wannan na maganar mutum ɗaya ne a kusa. Ƙananan makirufo marasa igiya da suka cika kasuwa yanzu sun fi shi sauƙin yawo, amma sai an yi musu caji, kuma masu tace hayaniya da kansu sukan ɗauki raɗa da amshin yara a matsayin hayaniya su danne. Ga zaman ɗaki na awa biyu, mai igiya ya fi kwanciyar hankali.

Da an tashi daga zama, sa wa fayil suna nan take: kwanan wata, wanda ya yi magana, da abin da aka yi magana a kai. Kwafe shi wuri biyu a ranar, domin waya tana faɗawa ruwa kuma ana sace ta. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda don ya isa yadda yake. Kebul ɗin siriri ne, kuma wurin da ya fi saurin mutuwa shi ne gindin kai da gindin baki, saboda haka a kama ƙarfen a zare, kada a fizgi igiya. Nemi ɗan kwali mai faɗin tafin hannu ka riƙa naɗe shi a kai sako-sako, ka saki iya abin da zama ke buƙata ka ɗaure saura da roba. Soson yana saurin sulluɓewa ya ɓace. Ɗan zare a gindinsa yana riƙe shi. Idan da waya kaɗai kake aiki, cire batirin ka ajiye shi daban don kada ya zube a ciki, idan kuma da kyamara ne, ka riƙa yawo da LR44 guda biyu a jakar, ana samunsu wurin masu gyaran agogo.